Rabin Kitson Inna

Nusaiba, kife wayar nan. Tun da aka ɗauke wuta kike haske mana ido da hotunan bakin teku. Na ji ki sarai ɗazu kina gaya wa Walida, wai kwana biyu kacal, ke kaɗai, ki je ki sha iska, har kin samo masaukin da ba a sayar da giya. To sannu, gwanar tsari. Ni ma na taɓa yin irin wannan shirin, kuma nawa ya fi naki kyau.

Ku matso. Walida, janyo ƙofar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wadda ta ce min "ta zo mu ji ta." Shekara shida ke nan ban gaya wa kowa ba, in ban da Innata.

Kun san Innata, Goggonku, Allah ya jiƙanta. A kwance kuka san ta. A lokacin da abin nan ya faru, shekararta uku da shanyewar ɓarin jiki, hannun hagu kaɗai ke motsi. Magana kuwa sai ta yi kokawa da harshenta kafin kalma biyu ko uku su fito. Mu biyu ne a ɗakinmu na nan Agege. Ni ce juyawa, ni ce wanka, ni ce kashi da fitsari, sannan in tafi shagon magani in tsaya har yamma. Dangi su zo ranar Lahadi da ledar lemo, su ce, "Balaraba, kina shan lada," su kaɗe riga su tafi. Ba gori nake yi ba, amma babanku ma yana cikinsu.

Wata safiya sau uku na wanke zanin gado kafin in karya kumallo. Ina tsugune a bakin famfo, hannuna cikin kumfa, sai na ji bakina ya ce, "Allah ka hutar da ita, ka hutar da ni." A hankali na faɗa. Babu kowa a wurin. Nan take na yi istigfari, amma kun san magana zarar bunu ce.

Daga ranar na fara shirin guduwa. Kwana biyu kawai nake so, in kwanta ba wanda zai kira sunana. Shekarata talatin da ɗaya a Legas, amma ban taɓa tsoma ƙafata a teku ba, kun ji abin kunya. Na samo wani ɗan ƙaramin gari na masunta can gaba da Badagiri. Wata uku ina tsarawa a bayan littafin shago. Na kira masauki biyar ina tambaya, kuna da mashaya? Ana kiɗa da dare? Har na dace da na wata Alhaja Bayarabiya, ba giya, ba tarkace, ga masallaci a bayan gida. Na ce abinci kifi zan ci, shi ba ruwansa da yanka. Na ɗinka doguwar riga mai kauri wadda ko ta jiƙe ba za ta manne a jiki ba, da wando a ciki. Na sa dadduma a jaka, na sa ƴar buta. Har malamar Islamiyyarmu na tambaya game da tafiyar mace ita kaɗai, ta yi min dogon bayani, na tsinci wanda ya yi min daɗi na bar mata sauran. Abu ɗaya ne ban tambaye ta ba, hukuncin yi wa uwa ƙarya. Na san amsar.

Na ce wa Inna mai shago ne zai tura mu taron ƙara wa juna sani. Na roƙi maƙwabciyarmu, Iya Tabawa mai waina, ta kwana da ita. Komai ya zauna daidai.

Sai kitso.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nake tsefe wa Inna kai in kitse. Ko da ciwo ya cinye ta, ba ta yarda a gan ta da kai a hargitse ba. In jingina ta da ƙirjina, in ɗauko kibiyar tsagarmu, wata ta ƙarfe mai jan zare naɗe a gindi, in yi mata guda goma sha huɗu. A ranar ina yi ina kallon agogo. Motar ƙarfe uku za ta tashi. Na gama ɓarin dama, guda bakwai. Ɓarin hagu yana tsefe. Na ajiye kibiyar a kan taga, na ɗaura mata ɗankwali.

"Inna, sai na dawo na ƙarasa."

Ta yi ta motsa baki. Da ƙyar ta ce, "Laraba. Ba a barin kai rabi."

Tun ina yarinya take faɗar wannan. Wai kan da aka bari rabi, in mai shi ba ta ƙarasa ba, akwai masu ƙarasawa. Na ce, "Kai Inna, camfi." Na saɓa jaka. Sai ta miƙo hannun hagun nan ta kama gefen hijabina. Ta riƙe gam. Ku ji abin da na yi. Yatsunta na bi ɗaya bayan ɗaya ina ɓamɓarewa. Ban tsaya ta sa min albarka ba, don na san in na kalli idonta ba zan iya fita ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin garin. Wannan ma yana cikin abin da ke cin raina har yau. Na yi barci kamar an zare min ƙashi. Ranar Asabar da safe Alhaja ta gasa min kifi da barkono, na cinye tas har da lasar yatsa. Sau ɗaya na tuna da Inna kafin azahar, shi ma na kawar.

Matsalar ita ce bakin ruwan da ke kusa da masauki. Cike yake da samari da ƴanmata, wasu ko kamfai na kirki babu. Na ce wa Alhaja ina son inda ba maza, in ɗan shiga ruwa ba mai kallona. Ta taɓa cinikin goro, tana jin Hausa. Ta nuna min yamma da haɓa.

"Can babu mutane. Amma ƴata, inda kwale-kwale suka ƙare, ke ma ki ƙare."

Na ce to. Na yi la'asar, na fita.

Na wuce masu gyaran taru. Na wuce mata masu ƙyafe kifi. Kwale-kwale na jere a kan yashi, ina tafe ina wuce su. Na ƙarshen wani tsoho ne a kife, cikinsa ya ruɓe. Na tsaya. Na waiga, har yanzu ina hango wasu masunta biyu. Na ce a raina, in ina ganinsu ai su ma suna ganina. Don tsare mutuncina, kun ji, na wuce.

Bayan wasu bishiyoyin kwakwa sai wuri ya yi tsit. Ba tsuntsu. Ba ko ƙaguwa. Sai ruwa kawai, ya zo ya koma. Na cire takalmi, na shiga har idon sawu. Sanyi. Na yi dariya ni kaɗai kamar wata sakarya.

"Salamu alaikum, ƴata."

Na juya. Wata tsohuwa ce zaune a kan jiƙaƙƙen yashi, ta ba ni baya, tana fuskantar teku. Wallahi da na zo babu kowa a wurin. Zani ne a jikinta, ɗaurin ƙirji. Ta binne ƙafafunta cikin yashi. Kanta a buɗe.

Na amsa sallama. Farin ciki ma na ji, Bahaushiya a wannan uwa duniya.

"Iya, me kike yi a nan ke kaɗai?"

Ba ta amsa ba sai da igiyar ruwa ta zo ta fara komawa. Daga baya na lura, ba ta magana sai ruwa yana janyewa.

"Mai yi min kitso ce ta tafi ta bar ni. Ki dubi kaina."

Na duba. Ɓarin dama a kitse. Ɓarin hagu a tsefe, furfura tana kaɗawa a iska.

Ba tsoro na ji ba, kunya na ji. Na ce a raina, Allah ne ya kawo min ita don in rage zunubi. Na ƙi yi wa tawa, bari in yi wa ta wani.

"Kawo in ƙarasa miki, Iya."

Na zauna a bayanta, na miƙe ƙafafu. Ta jingino da ƙirjina. Jikinta sanyi ƙalau, kamar randa. Ba ta juyo ba, ta miƙo min abin tsaga ta saman kafaɗa. Kibiya ce ta ƙarfe. Da jan zare a gindi.

Walida, daina matse min hannu. Na gani, ƙwarai na gani. Na ce irinta dubu ce a kasuwa. Mutum in ba ya son ya gane abu, ko a goshi aka rubuta masa ba zai karanta ba.

Na tsaga. Na yi na ɗaya. Gashin a jiƙe yake, yana danƙo da gishiri. Na yi na biyu.

"Hannunki da taushi," in ji ta.

"Na gode, Iya. Daga wane gari kike?"

"Nan."

"Ƴaƴanki fa?"

"Suna zuwa. Ɗaya bayan ɗaya."

Na yi na uku. Na yi na huɗu. Rana ta yi ja tana shirin faɗawa ruwa. Ina son in tashi, amma yatsuna sai gudu suke yi, ban taɓa kitso da sauri haka ba. Na ɗan leƙa ɓarin daman don in daidaita tsaga. Kun san kowace makitsiya ta san hannunta. Ni ina da wata ɗabi'a, in na kai ƙarshen jela sai in murɗa ta hagu in soke. Duk bakwai ɗin an murɗa su hagu an soke.

Na yi na biyar, ban san na yi ba.

Da na tsaga na shida, kibiyar ta bi ta bayan kunnen hagu, sai ta yi tuntuɓe da wani abu. Tabo. Ɗan dogo, gashi ba ya fita a kansa. Inna tana da shi, guga ne ya sare ta a bakin rijiya tun tana budurwa a Malumfashi. Shekara uku ina kauce wa tabon nan duk Juma'a. Ko a duhu na san shi.

Na ce, "Inna?"

Ruwa ya zo. Ya fara komawa.

"Ƙarasa, Laraba."

Ban gaya mata sunana ba. Kuma duk duniya mutum ɗaya ke ce min Laraba. Muryar Inna ce, amma ta da, kafin ciwo, garau ba gargada. Yatsuna suka kitse na shida ina kallonsu.

"Saura ɗaya," in ji ta. "Saura ɗaya ki huta."

"Wace ce ke?"

"Ba ke kika roƙa ba? A bakin famfo. Hannunki cikin kumfa. Muna kusa, mun ji."

Ruwa ya sake janyewa, ta ci gaba.

"Ki ƙarasa. Ba sauran wankin zani. Ba sauran juyawa. Kafin a kira magariba an hutar da ita."

Nan na gane. Kan da ke ƙirjina, ko ta yaya aka yi, na Innata ne da ke kwance a Agege. In na soke jelar ƙarshe, ta tafi.

Yanzu ku saurara, don saboda wannan wurin ne na yi shekara shida ban ba da labarin ba. Kuna tsammanin zan ce na yi wurgi da kibiyar na tashi. Ban yi ba. Na gane sarai, hankalina ɗaya, ba wanda ya riƙe min hannu a wannan karon. Na tuna warin ɗakin nan. Na tuna bayana da ke ciwo. Na tuna barcin da na sha jiya. Na raba gashin gida uku. Na ɗora ɗaya kan ɗaya. Na sake ɗorawa. Sau biyu, Nusaiba. Ni, da hannuna.

Sai na ji an kama gefen hijabina.

Ba hannun tsohuwar ba ne, nata biyun suna kan gwiwoyinta, ina ganinsu. Wannan daga bayana ya zo. Ban ga kowa ba, amma na san riƙon. Ɗumi gare shi, yana rawa, ƙaramin yatsan ba ya lanƙwasuwa. Yatsun da na ɓamɓare jiya ne. Aka fizge ni baya.

Na ce, "A'uzu billahi!" Na saki gashin. Sai a lokacin na dubi jikina. Ruwa ya kawo min ƙugu. Ina zaune cikin teku ban sani ba. Gaɓa tana can baya da nisa.

Tsohuwar ta miƙe tsaye. Ba ta juyo ba har yanzu. Igiya ta janye, ta kwashe yashin da ya rufe mata ƙafa. Fuskarta tana kallon teku, amma yatsun ƙafarta ni suke kallo.

Ta yi magana da wata murya, ba ta Inna ba, kamar daga cikin tulu.

"Kin ɓata min yamma."

Na yar da kibiyar a ruwa. Na faɗi, na tashi, rigar nan mai kauri da na ɗinka don sutura ta sha ruwa ta zama kaya, tana jan ƙafata. Ina jan Ayatul Kursiyyu tana kakkaryewa a bakina. A bayana ina jin tafiya cikin ruwa, caɓal, caɓal, ba sauri. Ban waiga ba. Na wuce kwakwa. Da na dafa ruɓaɓɓen kwale-kwalen nan sai tafiyar ta tsaya. Can cikin gari ladan ya ɗaga murya.

Alhaja ta gan ni ba takalmi, jiƙe sharkaf. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce, "Kin wuce." Na ce na wuce. Ta kawo garwashi da turare, ta zauna kusa da ni. Na kira Iya Tabawa ya fi sau ashirin, waya ba ta shiga. Mota kuma babu sai da asuba. A kan dadduma na kwana, abu ɗaya nake roƙo, Allah ya sa ninki biyun nan da na yi bai isa ba.

Da hantsi na iso gida. Tun daga bakin layi nake neman tabarmin zaman makoki. Babu. Iya Tabawa tana ƙofar ɗaki, ta tare ni da faɗa.

"Balaraba, wa kika turo jiya ya yi wa Inna kitso? Na fita sayen gawayi bayan la'asar, na dawo na tarar da kanta a kitse, matashi jiƙe. Numfashinta har ya fara sama-sama, na ce shi ke nan. Ana kiran magariba kuma sai ya dawo."

Na shiga. Inna tana kwance, idonta biyu. Na zame ɗankwalin. Goma sha uku a kitse, duk hannuna ne. Na ƙarshen an fara shi, ninki biyu, aka bari. Yashi a kan matashi. Ɗakin yana warin teku.

Na durƙusa a gaban gadon. Na gaya mata komai. Ƙaryar taron, da maganar bakin famfo, da ninki biyun. Ban rage ko ɗaya ba. Na ce, "Inna, kin riƙe ni don kada in kashe ki, kuma saura ƙiris in yi."

Ta daɗe tana kokawa da harshenta. Na kai kunnena bakinta.

"Ba don ni ba," ta ce. Ta huta. "Ruwa. Ya kawo miki ƙugu."

Ta sake tattaro ƙarfinta ta ƙara.

"Da kin ƙarasa, ni na yafe. Ke ce ban yarda a ɗauka ba."

Ai kun tuna abin da na roƙa. A hutar da ita, a hutar da ni. Duka biyun aka zo biya min, ni ban lura ba, ita ta lura. Matar da ba ta iya kai cokali bakinta.

Wata goma sha huɗu ta ƙara a duniya. Na wanke zanin gado ya fi a ƙirga, kuma ba zan ce muku ban ƙara gajiya ba, na gaji. Amma ban ƙara buɗe baki a bakin famfo ba. Duk Juma'a ina yi mata kitso, goma sha uku, in bar na bayan kunnen hagu a sake. Ita ma ba ta taɓa cewa in ƙarasa ba. Ranar da ta rasu, da muka zo yi mata wanka, na warware wannan ɗan gashin, yashi ya zubo min a tafin hannu.

Walida, miƙo min jakata. Haska nan. Kun gan ta? A ƙarƙashin matashin Inna na same ta ranar da na dawo, bayan ni da kaina na yar da ita a teku. Dubi tsatsar, kamar ta shekara goma a ruwa. Jan zaren ne kawai bai canza ba. A'a, kada ki taɓa.

Saboda haka Nusaiba, ban ce kada ki ga teku ba. Halittar Allah ce, kyakkyawa ce kuma. Ki nemi masaukinki mara giya, ki ci kifinki, ki ɗinka rigarki. Amma ki tafi da Walida. Inda kwale-kwale suka ƙare ki tsaya, ko da duk mazan garin ke kallonki. In wata ta ce ki taɓa mata kai, ki ce ba ki iya ba. Kuma kafin ki saɓa jaka, ki durƙusa ki gaya wa Ummarku gaskiyar inda za ki, ki jira har ta gama sa miki albarka.

Ba zan ce ƙurunƙus ba, don wannan bai ƙare ba, ina jin riƙon nan a gefen hijabina duk sanda na tayar da sallar magariba.

Ku yi shiru. Kun ji? Umma ce. Nusaiba, sau uku ke nan tana kiranki ki shafa mata man zafi a gwiwa, kina yi kamar ba ki ji ba. Tashi ki je. Bar wayar a nan.